RA'AYI: Wa zai cika jirgin Landan? Tambaya daga tashar Kafanchan

A ranar 26 ga Oktoban 2025 jirgin kamfanin Air Peace ya tashi daga filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe da ke Abuja ya sauka a Heathrow ta birnin Landan. An yi ta tafi, kuma tafin na da dalili. Fiye da shekara goma British Airways na cin karensa babu babbaka a wannan hanya, kuma ba a samu gurbin sauka a Heathrow ba sai bayan da Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya aika wa takwararsa ta Birtaniya wasiƙa a Agustan 2024, yana gargaɗin cewa muddin aka ci gaba da hana jirgin Najeriya babban filinsu, to jiragensu su ma za su rasa Legas da Abuja. Duk ma'aikacin da ya taɓa sa hannu a takardar biyan kuɗin tikitin wani babban jami'i ya san abin da rashin kishiya ke yi wa farashi.

Sai dai Landan ta sha ganin jiragen Najeriya suna zuwa suna ɓacewa. Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya shafe shekaru yana zuwa Landan da Rum da New York da Jidda kafin ya durƙushe a 2003. Bellview ya je Heathrow, ya rufe a 2009. Virgin Nigeria ya janye daga Gatwick da Johannesburg a Janairun 2009, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya. Arik ya fara Heathrow a Disambar 2008, ya ƙara da New York a shekarar da ta biyo, sai ga hukumar AMCON ta karɓe shi a Fabrairun 2017 saboda bashi, kuma cikin matakan farko da sabbin shugabanninsa suka ɗauka har da dakatar da Landan da Johannesburg. Med-View ya fara Gatwick a 2015, bai daɗe ba shi ma. Kamfani biyar ke nan, na gwamnati da na 'yan kasuwa, masu shi daban, zamaninsu daban, duk suka afka rami guda. Akan ɗora laifin a kan rashin iya riƙo, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma idan mutum biyar suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, ya kamata a sunkuya a duba ƙasar.

Lissafin dogon zango ba shi da tausayi. Jirgi ƙirar Boeing 777 yana shan wajen tan 7 na mai a kowace awa, tafiyar Abuja zuwa Landan kuwa ta haura awa shida, wato kafin a biya matuƙi albashi ko a dafa wa fasinja shinkafa an riga an ƙone fiye da tan 40 a zuwa kaɗai. Ko jirgin ya cika maƙil ko rabinsa wayam, man da zai sha bai bambanta da yawa ba. Haka kuɗin hayarsa ko bashin da aka saye shi da shi, haka inshora, haka kuɗin sauka, haka abin da ake biya don ratsa samaniyar ƙasashen da ke kan hanya. Kujerar da ta tashi babu kowa a kanta ta yi asara har abada. Ta fi tumatir saurin lalacewa, don shi tumatir in ya yi kwantai ana iya yanka shi a shanya. A Yunin 2024 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta yi hasashen cewa kamfanonin duniya baki ɗaya za su ci ribar dala biliyan 30.5 a shekarar. Da aka raba wannan a kan yawan fasinjoji sai ya tashi dala 6.14 kowane kai. Wannan a shekarar albarka ke nan. A 2020, shekarar korona, asarar da suka tafka ta haura dala biliyan 130.

'Yar ribar da ake samu kuwa, mafi yawanta daga gaban jirgi take fitowa. Kujeru 'yan kaɗan ne a bayan labulen nan, amma tikitin kowace ɗaya yakan ninka na baya sau uku ko fiye, kuma mai zama a kanta da wuya ya zama shi ya biya daga aljihunsa. Banki ne, ko kamfanin mai, ko ofishin jakadanci, ko gwamnati. Idan tattalin arziki ya karye, waɗannan su ne farkon masu tsuke bakin aljihu: a mayar da manaja kujerar baya, a soke taro, a yi shi ta intanet. Tsakanin Disambar 2007 da Mayun 2008 kamfanoni uku da suka dogara kacokan ga masu kujerun alfarma tsakanin Landan da New York, wato MAXjet da Eos da Silverjet, duk sun mutu. British Airways da kansa ya yi asarar fam miliyan 401 a shekarar kuɗin da ta ƙare a Maris ɗin 2009, sannan fam miliyan 531 a wadda ta biyo.

Najeriya ta ɗanɗana nata a 2016, lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, tattalin arziki ya ja baya da kashi 1.6 cikin ɗari, dala ta yi ɓatan dabo. Iberia na ƙasar Sifen ya tattara nasa ya nasa a watan Mayu. United na Amurka ya rufe hanyar Houston zuwa Legas a ƙarshen Yuni, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Houston ce hedikwatar harkar mai a Amurka, ma'aikatan kamfanonin mai ne ke cika kujerun gaban wannan jirgi, da suka daina zuwa sai lissafi ya ƙi fita. A watan Oktoba Emirates ya dakatar da Abuja.

Ciwon 2022 zuwa 2024 wani iri ne daban. Jirage na cika, har ana rububin kujera, amma kuɗin tikitin da aka sayar da naira ya maƙale a Babban Banki an kasa mayar da shi dala. A Afrilun 2023 IATA ta ƙiyasta abin da ya maƙale a Najeriya da dala miliyan 812, mafi yawa a duk duniya. Emirates ya daina zuwa tun Oktoban 2022, bai dawo ba sai 1 ga Oktoban 2024. Waɗanda suka tsaya suka rufe tikiti masu rahusa suka bar masu tsada, fasinja ya biya kuɗin laifin da ba nasa ba. Sannan a Yunin 2023 aka saki naira, ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta haura 1,500 a Fabrairun 2024.

A nan ne kamfanin gida ya fi baƙo shan wuya. Shi da naira yake sayar da mafi yawan tikitinsa, amma da dala yake biyan haya da inshora da kayan gyara da babban garambawul da ake kai jirgi ƙasar waje a yi masa. Man jirgi, kamar yadda ƙungiyar masu kamfanonin jiragen Najeriya ta bayyana a Mayun 2022 lokacin da ta yi barazanar ajiye aiki, ya tashi daga naira 190 zuwa 700 a lita, kuma bai tsaya nan ba. In ya je banki neman rance, ruwan da za a ɗora masa ya kusa kashi 30 cikin ɗari, alhali abokin takararsa na Turai yana cin bashi da ruwan da bai kai goma ba. Kafin kuɗin tikiti ya shiga aljihunsa an cire kashi 5 na hukumar NCAA, an cire dala 100 ta hukumar filayen jirage, Birtaniya ma ta cire nata harajin fasinja. Baƙon kuma yana da hanyoyi ɗari da wani abu. Yana iya yin asara da gangan a guda ɗaya na wata shida don ya gajiyar da sabon shiga. Da Air Peace ya fara Legas zuwa Gatwick a 30 ga Maris ɗin 2024 da tikitin naira miliyan 1.2 zuwa da dawowa, nan take kamfanonin waje suka karya farashinsu, har shugaban kamfanin, Allen Onyema, ya fito yana kukan cewa so ake a kore shi daga hanyar. Matafiya sun ci moriyar faɗan. Amma a tuna cewa wannan farashin da ake kira mai rahusa ya kai albashin wata 17 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kasuwar da ake faɗa a kanta ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada ta da yawan jama'ar ƙasar.

To me ya sa wasu kamfanonin ke tsallake fari, wasu na mutuwa? Mai neman amsa ya bar Abuja ya tafi Kafanchan ya tsaya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya ratso Inugu da Makurɗi ya iso nan a shekarun 1920 a kan hanyarsa ta zuwa Kaduna. A 1927 aka fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza, daga baya aka miƙa shi daga Kuru har ya kai Maiduguri a 1964. Kwal ɗin Inugu na hawa, kuzar Jos na gangarawa, shanu da fatu da gyaɗa na bi ta nan zuwa teku. Mai zuwa Bauchi daga Aba a nan zai sauya, mai zuwa Inugu daga Kano ta nan zai wuce. Aka gina wurin gyaran injuna da gidajen ma'aikatan reluwe. Ibo da Yarabawa da Hausawa suka zo suka tarar da Fantswam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro, kasuwa ta cika, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin. Mutanen Kafanchan su kaɗai da wuya su cika tarago biyu a rana. Haɗuwar layuka ce ta cika jiragen, kuma ita ce ta sa idan kasuwar kuza ta faɗi, gyaɗa da fasinja su riƙe tashar. Da reluwe ta durƙushe, layuka suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sai aka bar tashar da gine-ginenta da tsofaffin taragai da ciyawa ta fito a tsakaninsu.

Adis Ababa da Dubai da Doha da Santambul, abin da Kafanchan ta yi a ƙasa shi suke yi a sama. Jirgin Ethiopian Airlines da ke tashi daga Adis Ababa zuwa Guangzhou ko Washington, 'yan Habasha kaɗan ne a cikinsa idan aka gwada da sauran. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, da na Lubumbashi, da ɗalibin Harare, da ma'aikacin agaji daga Juba, waɗanda ƙananan jirage suka kwaso daga birane sama da 60 na Afirka suka zube a wuri ɗaya cikin awa biyu ko uku. Idan naira ta faɗi, kuɗin wata ƙasa na tsaye. Idan Kano ta yi sanyi, Kinshasa na da zafi. Ko Lome, babban birnin ƙasar da duk jama'arta ba su kai na Legas ba, tana da jirgi kai tsaye zuwa Amurka, saboda tun 2010 kamfanin ASKY ke tattaro fasinjojin yammacin Afirka yana miƙa wa Ethiopian a can. Cikin waɗanda ake tattarowa har da 'yan Najeriya.

Legas da Abuja kuwa ƙarshen layi ne. Wanda ya sauka Legas daga Jos ko Yola zai ɗauki jakarsa ya fita titi ya nemi mota zuwa ɓangaren jiragen ƙasashen waje, ya sake shiga layi tun daga farko. Wanda ya taso daga Yamai ko Njamena ko Duwala yana son wucewa Landan ba shi da wani dalilin da zai sa ya bi ta Najeriya, tunda ba a tanadar masa zauren da zai jira ya wuce cikin sauƙi ba. Jirgin Najeriya mai zuwa Landan ke nan ya dogara ga aljihu ɗaya, na mai riƙe da naira, ranar da wannan aljihu ya huje babu wani na biyu. A 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 712 don sake gina tsohon ginin filin jirgin Murtala Muhammed. An yi ta gardama a kan yawan kuɗin. Gardamar da ta fi amfani ita ce ko idan an gama, fasinjan Kotonu zai iya sauka ya hau jirgin Landan ba tare da ya taka titin Ikeja ba.

(Kano ma tana da abin faɗa a nan. Tun 1925 jirgin sama ya sauka a can, kuma shekaru da dama jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka dole su yada zango a can su sha mai. Da aka ƙera jiragen da ke tsallake Sahara ba tsayawa, sai suka riƙa wucewa ta samanta. KLM, wanda ya fara zuwa Kano tun 1947, ya yi sallama da ita a 2012.)

Jihar Kaduna ta taɓa zama wurin gwajin wannan lissafi a bainar jama'a. Daga 8 ga Maris ɗin 2017 aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin sauka, aka mayar da jirage Kaduna. Gwamnati ta gyara filin, ta baza jami'an tsaro a kan hanya, ta tanadi motoci. British Airways da Lufthansa da Air France da South African Airways duk suka ƙi zuwa. Ethiopian ne ya sauka da Boeing 787 tun ranar farko. An ambaci tsaro da kayan aiki a matsayin dalilin ƙin, kuma ba za a ce ƙarya ba ne. Amma a ƙarƙashinsa akwai lissafin kujerun gaba: jakada da manajan kamfanin mai da babban sakatare ba za su bi titin Kaduna zuwa Abuja ba, idan kuwa babu su, jirgin Turai ba shi da abin da ya zo nema. Ethiopian ɗan kasuwa mai jaka uku yake nema, shi kuwa ko a ina aka ajiye jirgi zai iske shi.

Su wa ke hawa jirgin dogon zango daga kudancin Kaduna? Ma'aikaciyar jinyar da ta yi karatu a kwalejin Kafanchan ta samu aiki a wani asibitin Ingila. Ɗalibin da dangi suka sayar da fili suka tura shi digiri na biyu. Fada ko fasto mai zuwa taro ko karatu. Maniyyaci zuwa Makka, da mai ziyara zuwa Urushalima. Yawancin waɗannan tikitin zuwa kaɗai suke yanka, ko kuma sau ɗaya suke tafiya a rayuwa. Jirgi kan tashi cike a watan Satumba ya dawo da sauƙi. A Disamba ya juya, ya zo cike da masu dawowa Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu, ya koma da sauƙi. Daga Fabrairu zuwa Mayu kuwa rani ne a hanyoyin biyu. Kuma kasuwa ce da alƙalamin wani minista a wata ƙasa ke iya ragewa cikin dare ɗaya: daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu, daga Maris ta hana masu aikin kula da tsofaffi, wato gidan da a da zai yanki tikiti huɗu ya koma ɗaya. Air Peace ya dakatar da Dubai a ƙarshen 2022 bayan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza. Ya buɗe Tel Aviv a Afrilun 2023, wata shida bayan nan yaƙin Gaza ya ɓarke, masu ziyara suka zauna gida. Jigilar alhazai ce kaɗai ke da tabbas, don an biya kuɗin kujera tun kafin jirgi ya motsa, shi ya sa ta daɗe tana riƙe kamfanonin Arewa. Ita ma a 2024 sai da Gwamnatin Tarayya ta zuba tallafin naira biliyan 90 bayan faɗuwar naira ta sa an nemi maniyyata su yi ciko.

Kafin wannan matafiyi ya ga jirgi ma, ya riga ya kashe kuɗi da kwana. Daga Kafanchan ko Zonkwa zai bi ta Kwoi ya ɓulla Keffi, ko ya bi ta Kagarko da Jere, kuma dole ya yi tafiyar da rana tsaka saboda halin da hanyoyin ke ciki, ya kwana Abuja a gidan ɗan'uwa ko a otal. Filin jirgin Jos da ke Heipang ya fi kusa da shi, amma jiragen da ke sauka can ƙalilan ne.

Ƙafa ta uku da dogon zango ke tsayawa a kanta ita ce kayan da ake lodawa a cikin jirgi ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji. Furannin Kenya da na Habasha da ɗanyen wake da 'ya'yan itatuwa suna cika wannan wuri kowane dare zuwa Turai. A 2020, da fasinja ya ɗauke, Ethiopian ya cire kujerun wasu jiragensa ya koma dakon kaya, ya tsallake shekarar da ta kai manya ƙasa. Jiragen da ke zuwa Najeriya kuwa da nauyi suke sauka, da sauƙi suke tashi. Za a ce ai ga cittar Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, wadda duniya ta san ƙamshinta da yajinta. Gaskiyar ita ce busasshiyar citta ba kayan jirgin sama ba ce; darajarta a kilo ba ta biyan kuɗin dakon sama, a tirela take zuwa Legas ta shiga jirgin ruwa, kuma tun annobar da ta cinye gonaki a daminar 2023 manoma ke fama da neman iri. Abin da zai iya hawa sama shi ne ɗanyar citta da aka wanke aka tantance, da man citta, da ɗanyen barkono, da zuma, da accar da aka gyara aka ɗura a leda. Kowane ɗaya yana bukatar ɗakin sanyi, da ɗakin gwajin da Turai ta yarda da takardarsa, da jami'an filin jirgi da ba za su tsare kayan kwana uku suna neman na goro ba. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana busasshen waken Najeriya shiga saboda maganin ƙwari. Wannan aikin hukumomin gwamnati ne, ba na mai jirgi ba.

Yanzu maganar ta iso teburin ma'aikatan tarayya da hadiman manya, domin idan bankuna da kamfanonin mai suka ja baya, babban mai sayen kujerun gaba da ya rage a Abuja gwamnati ce. Bayan surutun da ya biyo taron sauyin yanayi na Dubai a ƙarshen 2023, inda sunayen 'yan Najeriya 1,411 suka fito kuma gwamnati ta ce ita 422 ta ɗauki nauyi, Shugaba Bola Tinubu ya rage yawan 'yan rakiya da kashi 60 cikin ɗari a Janairun 2024, sannan ya hana tafiye-tafiyen waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga 1 ga Afrilu. Wato kwana biyu bayan jirgin Air Peace na farko ya sauka Gatwick. Matakin daidai ne, kuma da an tsawaita shi da ya fi. Amma ya nuna cewa duk kamfanin da ya gina lissafinsa a kan jami'an gwamnati ya yi gini a kan yashi, kuma gwamnatin da ke neman rage tafiya ba za ta iya yin alƙawarin cika wa kowa jirgi ba.

Da wannan ido ya kamata a dubi daftarin dokar da Minista Keyamo ke fafutuka, wadda za ta tilasta wa duk mai tafiya da kuɗin gwamnati ya hau jirgin Najeriya in akwai shi a hanyar. Amurka na da irinta tun 1974. Ta cancanci goyon baya, da sharaɗi. Tafiyar da ta zama dole ita za a karkata, kada dokar ta zama hujjar ƙirƙiro sabbin tarurruka da sunan kishin ƙasa. A sa iyaka ga farashi, don kada kamfanin da ya san ba a da zaɓi ya maimaita abin da ake zargin baƙi da shi. Kuma ma'aikata ta biya kuɗin tikiti kafin jami'inta ya hau. Cikin cututtukan da suka kashe Nigeria Airways har da tikitin bashi da ma'aikatu ke karɓa, da jirgin da ake janyewa daga fasinjojin da suka biya don a kai wani babba. Kamfanin da ke biyan haya da dala a ƙarshen kowane wata ba zai jira a saki kuɗin zangon kasafi na uku ba.

Abin da bai kamata ya sake fita daga kowane ofishi ba shi ne takardar neman a kafa kamfanin jiragen ƙasa da kuɗin baitulmali don ya je Landan da New York. An ƙaddamar da sunan Nigeria Air a bikin baje kolin jirage na Farnborough a Yulin 2018, aka dakatar a Satumba, aka farfaɗo da shi da alƙawarin bai wa Ethiopian kashi 49, aka kawo jirgi guda Abuja a 26 ga Mayun 2023, kwana uku kafin miƙa mulki, wanda daga baya ya tabbata na Ethiopian ne aka yi wa fenti, sannan Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke cinikin a Agustan 2024. Masu goyon baya kan ce ai Ethiopian da Emirates da Qatar Airways duk na gwamnati ne kuma suna cin riba. Haka ne. Amma South African Airways ma na gwamnati ne, ya sha tallafi shekara da shekaru kafin a sa shi a shirin ceto a Disambar 2019. Kenya Airways ya sayi manyan jirage don faɗaɗa dogon zango, ya yi fiye da shekara goma yana asara. Ethiopian ya fara tashi a 1946, kamfanin TWA na Amurka ya riƙe masa hannu a shekarunsa na farko, kuma sarki da soja da farar hula duk sun mulki Habasha suka bar masu gudanar da shi suna aikinsu. Wanda ya san yadda ake naɗa shugabannin hukumomi a Abuja, da yadda takardar neman alfarma ke yawo, shi zai faɗa wa kansa ko za a iya wannan haƙurin a nan. Tsofaffin ma'aikatan Nigeria Airways sai a 2018, shekara 15 bayan rufe kamfanin, aka saki naira biliyan 22.68 a matsayin wani ɓangare na haƙƙinsu, bayan da dama daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Matakai biyu da suka fi taimaka wa harkar a 'yan shekarun nan babu wanda ya bukaci sayen jirgi. Babban Banki ya biya kuɗaɗen da suka maƙale, har IATA ta tabbatar a tsakiyar 2024 cewa an sallami kashi 98 cikin ɗari. A Satumban shekarar kuma aka sa hannu a ƙa'idojin da kotu za ta bi wajen aiwatar da yarjejeniyar Cape Town, waɗanda ke bai wa mai ba da hayar jirgi tabbacin karɓar kayansa idan an kasa biya, abin da ke rage tsadar haya ga kowane kamfanin Najeriya. Irin wannan aiki ba a yanka masa ƙyalle, ba a gayyatar 'yan jarida su ɗauki hoton ruwan da ake fesa wa jirgi. Na gaba a layi shi ne NCAA ta riƙa wallafa, wata bayan wata, yawan kujerun da kowane kamfani ya tashi da su zuwa ƙasashen waje da yawan waɗanda aka zauna a kai, domin duk hadimin da aka kawo wa bukatar tallafi ko rangwamen haraji ya samu abin da zai auna ta da shi kafin ya shigar wa maigidansa.

A Maris ɗin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin farfaɗo da layin gabas daga Fatakwal zuwa Maiduguri, layin da zai sake bi ta Kafanchan. A 2024 aka buɗe sashen Fatakwal zuwa Aba, wajen kilomita 62. Tsakanin Aba da Kafanchan akwai sauran Umuahia da Inugu da Makurɗi da Lafiya.